Rigunan Sanyin 'Ya'yan Baramansal

Ni na raka Alhaji Tankari kasuwar Shisanhang ranar da ya ba da odar rigunan nan. Ni na zaɓi launi, ni na yi faɗa da mai shagon a kan kaurin zare. Saboda haka in ana rabon laifi kar a manta da ni. Amma na rantse ko malamin lissafi aka ɗauko a ranar, abin da muka yi shi zai yi, in dai a ƙasarmu aka yanke masa cibiya.

Sunana Mas'uda, 'yar Fagge ce ni. Sarin kayan yara ya kawo ni Guangzhou, sai na lura 'yan uwanmu a nan sun fi buƙatar tuwo a kan yadda Kano take buƙatar kayan yara. Na ɗora tukunya a wani gida a unguwar Liwan, hawa na huɗu, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Duk Bahaushen da ya sauka a garin nan, daga Kano yake ko Yamai ko Kumasi, in cikinsa ya gaji da shinkafar Sinawa ƙafarsa za ta kawo shi wurina. A haka na san Tankari.

Mutumin Maraɗi ne, dogo, siriri, ga tsinin gemu. Da tallan gwanjo ya fara a kasuwar garinsu, ya koma safarar takalma ta Jibiya, ya yi shekaru yana zirga-zirgar Kwatano, daga baya ya taho nan ya zama mai haɗa wa 'yan Nijar kaya, takalman roba da fitilun sola. Allah ya rufa masa asiri, kowa ya sani. Amma ban taɓa ganin mai ƙuntata wa kansa irinsa ba. Rabin faranti yake ci. Shayi ba madara. Tafiyar da wasu ke hawa jirgin ƙasa tasha huɗu, shi da ƙafa yake yin ta, yana rataye da wata tsohuwar jakar fata da ba ya rabuwa da ita. Abin yana ba ni haushi, ni kuwa ba na iya ɓoye haushi.

"Alhaji, don Allah wa kake tara wa?" in ce da shi.

"Akwai masu shi, Hajiya," ya ce, ya ci gaba da kurɓar shayinsa.

Shekara tara yana ba ni wannan amsar. Sai wata rana da aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ciniki ya mutu, daga ni sai shi a ɗakin, ya kwance jakar nan ya shimfiɗa abin da ke ciki a kan teburina. Rigar sanyi ce ta ulu, saƙar hannu, ruwan toka, asu ya ci kafaɗarta, gwiwar hannun duk faci. Tare da ita akwai wani kati mai hoto, ya yi ja don tsufa. Hoton gari ne ranar kasuwa: mutane cunkus, keken doki, yara sun yi dandazo a bakin rijiya. A ƙasan hoton an buga sunan garin, Brémoncel. Su Tankari Baramansal suke cewa.

"Wagga riga ta girmi uwata," ya ce.

Kakansa na wajen uwa, Nomau, yana cikin samarin da Faransa ta kwasa ta kai yaƙi. A shekarar 1940 aka tarwatsa rundunarsu, Jamusawa kuma in sun kama baƙin soja ba ko yaushe suke barinsa da rai ba. Nomau ya yi kwana uku yana rarrafe a daji da rauni a cinya, har ya faɗa rumbun ciyawar wani manomi mai suna Anselme. Mutumin nan ya gan shi, ya rufe ƙofa, bai faɗa wa hukuma ba. Wata tara Nomau ya yi a saman rumbun. Duk garin sun san yana nan, daga mai gasa burodi har yaran makaranta, ba wanda ya buɗe baki. 'Yar mai gidan, yarinya 'yar shekara bakwai mai suna Solange, ita take hawa tsani ta kai masa madara da ƙwai. Da sanyi ya shigo, sanyin da Nomau ya ce har haƙoransa sun so su zube, matar gidan ta ba shi rigar ɗanta da aka kashe a yaƙin a watan da shi Nomau ya zo. Da ita a jikinsa aka fitar da shi cikin keken itace zuwa kudu, da ita ya dawo gida.

Da aka haifa masa 'yar fari an raɗa mata Asma'u, amma shi bai taɓa kiranta da komai ba sai Solanji. Ita ce mahaifiyar Tankari. Ranar da ciwon ajali ya kama tsohon, ya sa aka kira masa wannan jikan, don shi ne ɗan kasuwa a gidan, ya ɗora masa rigar a cinya ya ce: mutanen nan sun tufatar da ni ina tsirara, ni kuwa ban aika musu ko goro ba. In Allah ya buɗa maka, ka tufatar da ɗiyan garin nan, kowa da kowa, kar ka tsallake ɗa ko guda.

Shekara talatin da uku yana ɗauke da maganar. Sau uku ya nemi bizar Faransa bai samu ba. Yanzu ya ce ya gaji da jiran ƙafarsa, kaya za su je in shi bai je ba, ga shi kuma Allah ya ajiye shi a garin da ake ɗinka wa duniya riga. Kunya ta kama ni a kan rabin farantin da nake yi masa gori. Na ce gobe da sassafe ni zan raka shi, don ba a sarin kayan yara a garin nan ina zaune.

Sai maganar yawan da za a yi. Tankari ya riga ya yi tunaninsa. Kakansa ya sha faɗa cewa Baramansal daidai take da ƙauyensu, Rijiyar Bawa, a wancan lokacin: mutum ɗari huɗu da 'yan kai. Yau Rijiyar Bawa ta haura mutum dubu goma sha huɗu, makarantu uku, ranar Juma'a har kan titi ake sallah. Ya ce amma ya san Turawa ba sa haihuwa kamar mu, don haka ya raba biyu, ya sake rabawa, ya bar musu dubu uku da ɗari biyar. Yara a ciki, a ce dubu.

Ni ce na ce ya yi kaɗan. Ni da bakina. Na ce, "Alhaji, ka taɓa rabon tsaraba kuwa? Da zarar an ji ana raba abu, yaran maƙwabta za su zo, na goye ma za a miƙo. Ka ba wani ka hana wani, ka ɓata aikin gaba ɗaya. Gara ta ragu da ta kasa." Ya shafa gemu, ya ce gaskiya ne, kaka ya ce kar a tsallake ko guda. Muka tsaya a kan dubu ɗaya da ɗari biyar.

Za a ce me ya hana mu duba waya. To, wanda zai faɗi haka ya gaya mini ranar da ya taɓa duba waya don ya ji ko akwai yara a wani gari. Gari ai yara ne. Ko a mafarki ban taɓa kawo wa raina cewa wannan abin tambaya ba ne.

Shisanhang da safe sai mai ƙarfin kafaɗa. Masu tura kaya suna ihu, kowane shago bai fi ɗakin girki ba, riguna har rufi. Muka sami wata lawban, haka muke kiran masu shago, mace 'yar gajeruwa mai saurin baki. Na murza zaren na ce wannan ba zai tare sanyin Turai ba, a kawo mai kauri. Ta ce meyo, wato babu. Na juya zan tafi, sai ga shi ya fito daga ƙarƙashin tebur. Na zaɓi ja da shuɗi da ruwan toka irin na tsohuwar rigar, daga na ɗan shekara uku har na ɗan sha biyu. Tankari ya ajiye katin nan ya ce a saƙa sunan garin a ƙirjin kowace riga, harafi da harafi yadda yake a hoton. Lawban ta tambaya ko makaranta ce. Ya ce a'a, gari ne guda. A hanyar dawowa ya sayi lemo biyu ya miƙo mini ɗaya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Bayan sati uku kaya suka fito, kwali sittin, aka jibge a sito. Saura turawa. Nan Ismaël ya shigo maganar, mutumin Yamai ne mai ofishin tura kaya a unguwar Tianhe, ya yi boko sosai, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Ya zo cin tuwo bayan azahar, Tankari ya zauna kusa da shi da katinsa. Ismaël ya ce kaya ba sa tafiya sai da sunan mai karɓa, bari ya nemo lambar ofishin magajin garin. Yana ci da dama yana latsa waya da hagu. Sai na ga lomar ta tsaya a hanya.

"Alhaji, riga nawa ka ce?"

"Dubu da ɗari biyar. Sun yi kaɗan ko?"

Ismaël ya mayar da lomar cikin faranti. Ya goge hannu. Ya ce, "Bon. Ga ƙidayar garin nan ta ƙarshe. Hamsin da takwas."

"Dubu hamsin da takwas?" Tankari ya dafe ƙirji. "Innalillahi, na kunyata kaka."

"Mutum hamsin da takwas, Alhaji. Duka garin."

Ludayi ne a hannuna, ban san lokacin da ya faɗa cikin miya ba. A ranar nan kaɗai, kafin la'asar, na zuba tuwo faranti sittin da huɗu. Wato mutanen da suka hau benena suka ci suka sauka sun fi garin Baramansal yawa. Na ce ƙarya ne, wayar ce ta haukace, ko wani garin ya buɗo. Ya juyo mana da ita. Ga hasumiyar cocin nan ta jikin katin, ga rijiyar, ba ko kare a bakinta.

"Mi ya ci su?" Tankari ya ce. "Annoba? Jamusawa sun komo sun ƙone su don sun ɓoye kaka?"

Ismaël ya ce ba ko ɗaya. Ya shiga karanto mana shekara da adadi, yana fassarawa. A 1851 mutum ɗari takwas da sha biyu ne, da masaƙa, da maƙera biyu, da injin niƙa a bakin rafi. Kafin yaƙin farko sun koma ɗari shida. Yaƙin ya ci samari talatin da takwas a shekara huɗu. Lokacin Nomau ɗari huɗu da talatin, tsohon bai yi ƙarya ba. Daga nan ba yaƙi, ba yunwa, ba wanda ya kore su. Injin noma ya zo, mutum ɗaya ya riƙa nome abin da arba'in suke nomewa, samari suka tafi birni aikin masana'anta, 'yan mata suka bi su. A 1968 ɗari biyu da arba'in. A 1979 aka rufe makaranta. Mai burodi ya rufe, mai shago ya rufe.

"Yara fa?" na ce. "Ko a hamsin da takwas ɗin ai ba a rasa yara ashirin ba."

Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "'Yan ƙasa da shekara sha biyar, an rubuta sifili."

Na san gari yana ƙonewa, na san ruwa yana cin gari, na san fari yana tayar da mutane. Amma a ce gari yana zaune lafiya, da ruwa, da wuta, da gona kore shar, ya tsiyaye a hankali har ya ƙare, ba wanda ya yi kururuwa, wannan ban taɓa ji ba. Na yi ta tambayar Ismaël tambayoyin wauta. Wa yake aikensu? Wa yake ɗebo musu abu in ya faɗi ƙarƙashin gado? In an yi mutuwa wa yake haƙa kabari? Ya ce Hajiya ni ma ban sani ba.

Tankari ya ninke katin cikin rigar, ya sa a jaka, ya sauka. Kwana uku yana zuwa ya zauna a kujerarsa, in zuba masa ya bar shi ya huce. Ba kwalayen ne suka dame shi ba, ko sau ɗaya bai ambaci abin da ya kashe ba. Rana ta uku ya ce, "Hajiya, shekara talatin da uku ina jinkiri. Da na aika tun ina saurayi, wataƙila da na tarar da ɗa ko goma. Yanzu amana tana wuyana, kuma babu wanda zan ba. In na tahi, mi zan ce ma tsohon?"

Ismaël ne ya ce a dai kira magajin garin ta bidiyo. Ofishin magajin garin ranar Talata kaɗai ake buɗe shi, awa biyu da safe, wanda ya yi daidai da bayan la'asar a nan. Na kori masu cin abinci da wuri, muka jingina wayar da kwalbar yaji. Wani dattijo ya bayyana, jan fuska, hular ulu, sunansa Fernand. Shekararsa saba'in da huɗu, ya ce yana cikin matasan garin, shi ya sa aka ɗora masa aikin. Tankari ya yi masa bayani da Faransancinsa na kasuwa, Ismaël yana gyarawa yana kuma fassara mini. Da aka zo kan dubu da ɗari biyar, mutumin ya cire tabarau ya ce a maimaita. Na ɗauka dariya zai yi. Bai yi ba. Ya ce ku zo in nuna muku.

Ya fita da wayar a hannu. Titi ɗaya ne dogo, gidajen dutse hagu da dama, tagogi a rufe da katako. Yana tafe yana nunawa: nan ba kowa, nan ba kowa, nan wasu 'yan birni suna zuwa sati biyu a shekara, nan akwai tsohuwa ɗaya, nan ba kowa. Ba abin da muke ji sai takun takalminsa. Ya nuna makarantar, itacen hura wuta aka tara a ciki. Ya tsaya a gaban wani dogon dutse da aka sassaƙa sunayen waɗanda yaƙi ya ci, ya ce sunan gidan Anselme ya fito sau huɗu a jiki. Haihuwar ƙarshe a garin, ya ce, shekara goma sha tara ke nan, kuma iyayen sun tashi kafin yaron ya yi tafiya.

"Gidan Anselme fa?" Tankari ya ce. "Akwai wanda ya saura?"

"Solange tana nan," in ji Fernand. "Shekararta casa'in da ɗaya. Bari mu ga ko ta tashi."

Tankari ya matso kusa da wayar. Ni ma na leƙo ta kafaɗarsa.

Wata 'yar tsohuwa ce ƙarama, fara fat, a kujera kusa da murhu, bargo a ƙafa. Fernand ya yi mata magana da ƙarfi a kunne. Ta karɓi wayar ta kawo ta daf da ido, har ba ma ganin komai sai goshinta. Tankari ya ɗaga rigar nan ta ulu. Ta ce saƙar mahaifiyarta ce, facin gwiwar hagu kuma ita ta yi shi, shi ya sa ya karkace. Daga nan ta ɗaga yatsu, da wata siririyar murya, ta fara: "Ɗaya. Biyu. Ukku. Huɗu. Biyat. Shidda. Bakwai."

Hausar Maraɗi, irin ta tsofaffi, daga bakin Baturiya, a cikin wayar da ke jingine da kwalbar yajina. Na ce la'ilaha illallahu da ƙarfi. Ta ce a bakwai ta tsaya don kajinsu bakwai ne, da ƙwai ya koya mata. Shekara tamanin da uku ba ta san ko ya isa gida ba. Mahaifinta har ya mutu yana cewa ko yaron nan ya kai.

"Ya kai," Tankari ya ce. "Ya yi aure, ya yi noma, ya tsufa."

Ta tambaya ko ya haihu. Ya ce goma sha huɗu. Ta ce jikoki fa. Ya ce a taron gidan na bara an ƙirga 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne, an sami ɗari biyu da sittin da uku. Ta sa Fernand ya maimaita mata sau biyu. Yanzu ita ce ta kama baki. Ta ce ita ta yi aure ba ta haihu ba, mijin ya rasu, 'yan uwanta duk sun riga ta, in ta tafi an rufe gidan Anselme. Mutum ɗaya suka ɓoye a saman ciyawa, ga shi ya fi garinsu gaba ɗaya sau huɗu.

"Ya taɓa ambatona?" ta ce.

Kafin Tankari ya amsa, sai ni na tsoma baki da Hausa, Ismaël ya juya. Na ce Mama, sunanki uwarsa take amsawa. Tankari ya share fuska ya ce ba ita kaɗai ba. A gidansu duk wadda aka yi wa takwara da mahaifiyarsa Solanji ake ce mata, yanzu su tara ne, ƙaramar ba ta yi haƙori ba. Tsohuwar ta ajiye wayar a cinya. Muka yi ta kallon rufin ɗakinta muna jin numfashinta.

Da ta ɗago, ya faɗa mata abin da ke cin sa. Ya ce kakansa ya bar masa wasiyya ya tufatar da yaran Baramansal kar ya tsallake ko ɗaya, ga riguna an ɗinka, ya makara, babu yaran. Ya roƙe ta ta yafe masa, ta kuma gaya masa yadda zai yi.

Ta ɗan ɓata rai, irin na tsofaffin da ba sa son shirme. Ta ce, "Wa ya ce maka babu? Mahaifina ɗana yake ce masa. Da rigar yayana ya fita daga gidan nan. Wanda ya fita da rigar gidanmu ɗan gidanmu ne. Yaran Brémoncel suna wurinku, mu nan ba mu da wasu. Ka kai musu, da duk yaran da suke wasa tare. Ni dai ka aiko mini da ɗaya in gani."

Ranar Tankari ya cinye faranti guda cur, ya nemi ƙari.

Ismaël ya sauya takardu, kwalaye suka kama hanyar Lome zuwa Maraɗi. Guda ɗaya, mai ruwan toka, ta ɗan shekara sha biyu, muka aika ta jirgin sama. Ni na ce a sa babbar, don ta ji daɗin gani. Bayan sati biyu Fernand ya turo hoto. Ba riƙe ta yi ba, sa ta ta yi. Rigar ɗan shekara sha biyu ta zauna mata daidai, har hannun ya ɗan yi mata tsawo. Na kalli hoton nan na shiga kicin na yi kukana.

Kaya ba su isa Rijiyar Bawa ba sai tsakiyar sanyi. Aka raba a filin makaranta, jikokin Nomau da na maƙwabta da na goye, kamar yadda na faɗa. Kuma ba su ishi yaran ba. Dubu da ɗari biyar ɗin nan da suka fi ƙarfin gari guda a Faransa, a nan sai da wasu yara suka koma gida suna kuka. Aka ɗauko mana bidiyo: fili ya cika da ja da shuɗi da ruwan toka, kowane ƙirji da sunan garin, a gaba an jera Solanji tara, mahaifiyar Tankari a kan kujera da jaririyar a cinyarta. Ismaël ya tura wa Fernand a ranar.

Amsa ba ta zo ba sai Talata. Muna zaune mu uku Ismaël ya karanta, a hankali. Solange ta rasu kwana goma sha ɗaya kafin bidiyon ya iso. Da rigar a jikinta aka same ta a kujerarta. Mutum shida ne suka raka ta. Fernand ya ce ya nuna bidiyon ga duk wanda ya iya fitowa, a ofishinsa, sun kalla sau uku. A ƙarshe ya rubuta: yanzu mu hamsin da bakwai ne.

Mutum shida. Na yi ta juya abin a raina, na kasa haɗiye shi. Matar da ta hau tsani da ƙwai wata tara.

Tankari ya ce, "Ismaël, rubuta mishi. Ka ce muna yi musu gaisuwa, mu duka. Ka ce kuma ƙidayarshi ba daidai ba ce. Ita da bakinta ta ce mu 'yan gidan ne. Ya ƙara ɗari biyu da sittin da uku."

Ismaël ya fara rubutawa, Tankari ya ɗaga hannu.

"Sittin da huɗu. An yi haihuwa shekaranjiya."